Bai Wanke Idona Ba

Zauren ɗakin karatu na tsohon garin Multan ya cika maƙil, fankoki na ta juya iska mai zafi. Taron tunawa da marigayi mawaƙi Hashmat Chenabi ake yi kamar kowace shekara, kuma bana jikarsa Nayab aka ba karatun rufewa. Ta gyara mayafi, ta matso kusa da makirufo, ta karanto baitin da kowa ya zo ji:

"Ruwan sama ya sauko, ya wanke titi tas,
Ya shafe kowane sawu, amma bai wanke idona ba."

Zaure ya kaure da shewa. Tsofaffi na ɗaga hannu sama, 'yan mata na haɗa ido suna murmushi, don ba a gama biki a Multan mawaƙa ba su rera wannan baiti ba. Mutum ɗaya ne bai motsa ba. Wani dogon saurayi a layin gaba, da jaka a kan cinya, ya zuba mata ido kamar ta taka masa ƙafa.

Da aka fito shan shayi Nayab ta kasa haƙuri. Malamar adabi ce a kwalejin 'yan mata, ba ta saba a raina mata karatu ba. Ta isa gabansa.

"Janab, kuskure na yi ne?"

"Ko wasali ɗaya ba ki ɓata ba," in ji shi. "Murmushin ne ya yi yawa."

"Baitin soyayya ne fa. Kakana ya yi wa kakata shi. Kuka kake so in yi?"

"Ni dai ranar da na fara jin sa ba muryar masoyi na ji ba. Muryar shaida na ji. Wanda ya ga abu a titi, aka wanke titin, aka ce masa bai ga komai ba."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Mene ne sana'arka?"

"Sunana Sarmad. Daga Lahore nake. Ina rubuta wasannin talabijin."

"Wane iri?"

Ya sosa ƙeya. "Na kisan kai da 'yan sanda."

"Shi ya sa! Ka wuni da gawa ka kwana da gawa, dole ko furen amarya ka gani ka ce na kabari ne."

Ya tuntsire da dariya har shayi ya zubo masa a riga. Ita ma ta so ta daure, ta kasa. A nan ya gaya mata abin da ya kawo shi: yana da sabon wasa, kuma yana son a ba shi izinin sa masa suna da ƙarshen baitin, Bai Wanke Idona Ba. Ta ce wannan maganar mahaifinta Abba ji ce, ba tata ba, amma ya turo mata rubutun ta gani. Ta ba shi lambarta.

"Don aiki kawai," ta ce.

"Don aiki kawai," ya maimaita, yana adana lambar kamar wanda ya tsinci zinariya.

Washegari da hantsi saƙonsa ya shigo tare da kashi na farko. Kafin la'asar ta ba shi amsa.

"Labarinka ya hana ni cin abincin rana. Amma rubutunka, Allah ya kyauta. 'Yar ajin farko a ɗalibaina ba za ta yi waɗannan kurakuran ba. Na gyara maka, Mai Gawa."

"Na gode, Jan Biro. Na ga kin zane ni kamar rigar mahauci. Gobe zan turo wani, kuma da gangan zan ƙara kurakurai, don amsarki ta yi tsawo."

"Ba ka da kunya."

"Ina da ita. A Multan na manta da ita, kusa da teburin shayi."

Tun daga nan bincike ya yi ta kawo Sarmad Multan. Yau ya zo ganin kotu, gobe ya zo ganin tsohuwar kasuwa, kuma ko ta ina ya bi sai hanya ta biyo da shi ƙofar kwalejin 'yan mata daidai lokacin tashi. Sukan zauna a wani shagon halwa, alewar garin, ita tana karanta masa waƙoƙin kakanta, shi yana gaya mata yadda ake ɓoye mai kisa a idon masu kallo. Abu ɗaya ne bai taɓa gaya mata ba. Duk sanda ta tambaye shi me ya sa ya kafe a kan wannan baitin, sai ya sauya zance.

Wata rana ya ajiye cokali ya ce, "Jan Biro, ina da tambaya, kada ki gyara ta."

"Ina ji."

"In na turo Ammi gidanku, shayi za a ba ta ko ƙofa za a nuna mata?"

Nayab ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Shayi dai ni nake dafawa. Ƙofa kuma ta Abba ji ce."

Tun rasuwar mahaifiyarta su uku ne a gidan: ita, da mahaifinta Farasat Ali mai shagon magani, da kakarta Dadi Anwari, matar marigayi mawaƙin, wadda tsufa ya zaunar a ɗakin ciki da carbinta. Farasat Ali bai taɓa haɗa baiti ɗaya ba a rayuwarsa, amma sunan mahaifinsa shi ne duniyarsa. Hoton tsohon yana saman kantar shago, yana falo, yana cikin aljihunsa. Shi ke shirya taron kowace shekara, shi ke tashi ya bayyana wa jama'a ma'anar kowace waƙa.

Sarmad ya same shi a falo da kwalin halwa da ladabi. Farasat Ali ya saurare shi har ya gama, sannan ya cire tabarau.

"Yaro, ka san me kake nema? Baitin da mahaifina ya yi wa mahaifiyata, baitin da ake raka amare da shi, shi kake so in ba ka ka liƙa a kan bindiga da jini, a sa tallan sabulu a tsakiya?"

"Sahib, ba don wulaƙanci ba ne. Ina ganin baitin yana da wata fuska..."

"Kai za ka nuna mini fuskar waƙar ubana?" Ya miƙe. "Ban ba ka ba. Ɗaya maganar kuma da na ji ana raɗe-raɗinta, kada ka wahalar da mahaifiyarka da tafiya. 'Yata tana da wanda ya dace da ita."

Wanda ya dace ɗin Jahanzeb ne, ɗan gwaggon Nayab, mai gonakin mangwaro a bakin kogi. Ba mugun mutum ba ne. Ya dai saba duk abin da ya nuna da yatsa a tsinko masa. Ya fara zarya da kwandunan mangwaro, yana zama kusa da kawunsa yana gyaɗa kai in ana karanta waƙa, ko da barci na fizgarsa.

Nayab ba ta yi wa mahaifinta musu ba, amma ba ta amince ba. Ta rubuta wa Sarmad:

"Ka yi haƙuri da Abba ji. Zuciyarsa fara ce, zafinsa na ɗan lokaci ne. Ka yi mini alkawari ɗaya: kada ka taɓa baitin nan sai ya yarda."

"Na yi miki alkawari, hasken idona. Ko sunan wasan zai koma Shinkafa da Wake, ba zan taɓa shi ba."

Ana cikin haka, ran wata Juma'a suna cin abincin rana, Jahanzeb ya ciro waya ya miƙa wa kawunsa.

"Mamu ji, kun ga wannan kuwa? Tun safe yake yawo."

Hoton tallan wasan ne. An rubuta Bai Wanke Idona Ba da jan rubutu yana ɗigar jini, ga bindiga, ga wata 'yar wasa ta ware ido. Sunan Hashmat Chenabi ko a gefe babu.

Farasat Ali ya ture farantinsa gefe. Jahanzeb ya ɗauki gurasa yana cewa, "Ai da ma na faɗa. Mutanen talabijin ke nan. Ya zo neman abu, ya bi ta inda ƙofa ta fi laushi, ya samu ya tafi."

Nayab ta tashi ba ta gama ba. A ɗaki ta rubuta, hawaye na hana ta ganin haruffa:

"Ashe baitin kake nema, ni hanya ce. Ka ci nasara, Sarmad sahib. Kada ka ƙara nema na."

Ta kashe wayar ta jefa ƙarƙashin matashi. Da ta bar ta a kunne da ta ga amsarsa:

"Wallahi yanzu na gani, kamar yadda kika gani. Mai kamfani ne ya fitar da shi ban sani ba, wai ai kowa na rera baitin, ba na kowa ba ne. Ina ofishinsa yanzu. Ki jira ni, Nayab. Da bakina zan zo in yi bayani."

Kwana biyu bayan haka ya iso da rana tsaka, rigarsa ta jiƙe da gumi. Farasat Ali ya so ya bar shi a ƙofa, amma maƙwabta sun fara leƙe, dole ya shigo da shi. Jahanzeb na zaune. Nayab na bayan labule, kusa da gadon Dadi.

Sarmad bai zauna ba. "Sahib, an sauke hoton. Na gaya wa mai kamfani ko ya sauya suna ko in janye labarina, in ya so ya kore ni. Ya yarda zai sauya. Ba don in sake roƙo na zo ba. Na zo ne in ba ku haƙuri, don ta dalilina aka taɓa sunan mahaifinku."

Farasat Ali bai zaci haka ba. Ya ce, "Abu ɗaya nake so in sani. Duk waƙoƙin duniya, me ya kai ka wannan? Me ka gani a ciki da ni ɗansa ban gani ba?"

Sarmad ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago muryarsa ta sauya.

"Ina da yaya, Adil. Shi ya koya mini karatu. Ina sakandare aka harbe shi a tashar mota, da rana, saboda ya hana wasu jan mayafin wata yarinya. Tashar cike take da mutane. Da 'yan sanda suka zo, mai shayi bai gani ba, direba bai gani ba, kowa bai gani ba. Kafin magariba an zuba ruwa an wanke wurin, motoci suka ci gaba da lodi. Har yau Ammi ba ta bin wannan titin. Bayan shekaru na ji ana rera baitin nan a wani biki, mutane na rawa. Ni kuwa fita na yi waje na yi ta kuka. Na ce ashe an taɓa yin mutum ɗaya a duniya da ya ce shi ya gani. Wasan nan a kan irin wannan mutumin na rubuta shi. Wataƙila na yi kuskure, sahib. Haka dai kunnena ya ji."

Bayan labule Nayab ta toshe bakinta da mayafi. Sai ta ji an dafa kafaɗarta.

"Ɗaga ni," in ji Dadi.

"Dadi jan, ƙafarki..."

"Na ce ki ɗaga ni."

Tsohuwar ta fito falo tana dogara jikarta. Kowa ya miƙe. Ta zauna, ta daɗe tana duban Sarmad, sannan ta juya ga ɗanta.

"Farasat, yaron nan bai yi kuskure ba."

"Ammi?"

"Zauna ka ji. Kana goye a lokacin, muna wani ƙauye a bakin kogin Chenab, ubanka na koyarwa a firamare. Akwai wani saurayi mai suna Allah Ditta, ɗan manomi. Mai ƙasar yankin ya so gonarsu, yaron ya ƙi sa hannu. Wata rana hadari ya haɗu, na hau soro kwashe shanya. Ina tsaye na ga mutanen mai ƙasa sun tare shi a ƙofar gidanmu da gatari. Duk unguwa na waje, ana ta kwashe kaya. Suna gamawa ruwa ya ɓarke. Kafin 'yan sanda su iso titi fes yake, kuma maza duk sun makance."

Ta ja numfashi.

"Na kasa ci, na kasa sha. Ubanka ya ce, Anwari, me ke damunki? Na ce masa, ruwa ya wanke titi, amma ni bai wanke idona ba. Ya dube ni ya ce, kin san abin da zai biyo baya? Na ce na sani. Da safe ya sa farar rigarsa, ya saɓa ka a kafaɗa, ya kama hannuna a gaban duk garin, ya kai ni kotu da ƙafarsa. Ina cikin lulluɓi na nuna su ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗaure su."

"Daga nan fa?" Nayab ta tambaya a hankali.

"Daga nan aka kori kakanki daga aiki, aka ƙona mana rumbu, muka gudo Multan da tabarma da tukunya. Ko sau ɗaya bai taɓa ce mini ke kika ja mana ba. Ya ɗauki maganata ya yi mata ado ta zama baiti. Da mawaƙa suka mai da shi na biki na ce masa, ka ji abin da suke yi? Ya ce bar su, Anwari, ai ba su yi ƙarya ba, soyayyar ce."

Farasat Ali ya durƙusa a gabanta, tabarau a hannu. "Ammi, duk shekarun nan? Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Da kana yaro tsoro ya hana, mutanen nan hannunsu dogo ne. Da ka girma kuma, kai ne kake hawa mumbari kana gaya mini ma'anarsa. Na ga kana jin daɗi, na ƙyale ka."

Dariya ta ƙwace wa Jahanzeb, ya yi maza ya mai da ita tari. Farasat Ali ya kama hannuwan mahaifiyarsa ya ɗora a idanunsa, kafaɗunsa na girgiza. Da ya miƙe sai ka ce an ƙara masa tsawo.

"Ina ta alfahari da ni ɗan mawaƙi ne," ya ce, "ashe rabin gadona na sani." Ya juya ga Sarmad. "Kira mai kamfaninka. Sunan nan ba za a sauya shi ba. Amma babu jini, babu bindiga a hoton. Kuma a ƙarƙashi a rubuta sunaye biyu, Hashmat Chenabi da Anwari Begum."

"In sha Allahu, sahib."

"Kuma ka gaya wa mahaifiyarka hanyar Multan ba ta da wuya."

Jahanzeb ya dubi Nayab, ya ga inda idonta yake. Ya tashi ya miƙa wa Sarmad hannu. "Na yi maka mummunan zato, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan yayanka."

Da Sarmad zai tafi, Nayab ta biyo shi zuwa tsakar gida, ta tsaya ɗan nesa tana murɗa gefen mayafi.

"Na rubuta maka abin da bai kamata ba."

"Na karanta. Babu kuskure ko ɗaya a rubutun, shi ya fi ba ni tsoro."

"Sarmad, da gaske nake. Ka yafe mini. Me ya sa ba ka taɓa gaya mini zancen Adil ba?"

"Ban so ki so ni don tausayi ba."

"To ka kwantar da hankalinka. Tun kafin tausayin ya zo wurin ya riga ya cika."

Ya dafa ƙirji kamar wanda aka harba. "Maimaita, in rubuta."

"Tafi, motarka za ta tashi."

Mahaifiyarsa ta zo da kayan zaƙi da zobe. Ita da Dadi suka shige ɗaki su biyu, suka daɗe, suka fito idanunsu jajur suna riƙe da hannun juna. Aka sa biki bayan sanyi ya shigo.

Kafin ranar bikin, wasan ya fara fita. Ranar da aka nuna kashi na farko Farasat Ali ya rufe shago da wuri, ya fito da talabijin ƙofar gida, ya jera wa maƙwabta kujeru. Da sunan Anwari Begum ya bayyana ya miƙe tsaye yana nuni. "Mahaifiyata ce wannan! Ku duba da kyau!" Daga ranar duk wanda ya shigo sayen maganin mura sai ya ji labarin kotu daga farko har ƙarshe kafin a ba shi canji.

Aka ɗaura aure ran wata Lahadi da hantsi. Nayab cikin jan kaya masu zaren zinariya, hannuwanta sun sha lalle, Sarmad da rawani da furanni har ƙirji. Da lokacin tafiyar amarya ya yi, aka ɗaga Alƙur'ani a saman kanta, mata suka fara sharar hawaye. Sai ga Dadi ta sa sandarta ta tare ƙofa.

"Ba inda za ta."

Kowa ya juyo yana dubanta.

"Ango, matso nan. Watanni ke nan kana wahalar da ni duk mako. Ba za ka fita da jikata ba sai ka gaya mini wane ne ya yi kisan."

Gida ya ɗauki dariya, masu kuka na dariya da hawaye. Sarmad ya ce, "Dadi jan, sirrin kamfani ne, za a kore ni!"

"An kori wanda ya fi ka, kuma bai mutu da yunwa ba. Faɗi."

Ya durƙusa ya raɗa mata a kunne. Ta taɓe baki.

"Da ma na sani. Idonsa bai kwanta mini ba."

Ta janye sandar. Ta kama hannun Nayab ta sa a cikin nasa, ta rufe su da nata hannuwan biyu.

"Ɗana, ban ce ka tara mata dukiya ba. Ranar da ta tsaya a kan gaskiya, ka tsaya kusa da ita, ko da gari duka ya koma gefe. Ke kuma ki yi masa haka. Allah ya sa albarka a gidanku, ya ba ku zuri'a masu tsoronsa, ya haɗa kanku har tsufa ya same ku kuna tsokanar juna."

"Amin," in ji Farasat Ali, muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi. Ya sumbaci goshin 'yarsa, ya rungume angon, sannan da kansa ya buɗe musu ƙofar mota.